Hoton Cikin Kan Hodi

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, in ka ce Laure ba lalle a gane wadda kake nufi ba, amma in ka ce Laure mai kai, ko baƙon jiya zai nuna maka rumfarta. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana dafa kai da ƙafa, tun mijinta na raye har bayan rasuwarsa. Kullum da hantsi mahauta kan kawo mata kawunan raguna da na awaki, wani lokaci har na sa. Ta babbake su, ta kankare, ta wanke, sannan ta ɗora a kan kututture ta sa gatari. Sara ɗaya take yi, ƙoƙon ya rabu biyu, ƙwaƙwalwa na kwance ba ta dagargaje ba.

Sauran masu sana'ar sukan kwashe ƙwaƙwalwar su jefa tukunya ba tare da sun ko kalla ba. Laure takan tsaya ta duba. Ta san akwai tantani mai kauri da ke lulluɓe da ita. Ta san ɓari biyu ce, dama da hagu, kamar an auna su, kuma in an tsaga ta akwai 'yan koguna a ciki masu ɗan ruwa garai. Ta san ƙaramar da ke maƙale ta wajen ƙeya, da inda laka ta fita ta bi wuya. Ba wanda ya koya mata, kuma ba ta da sunan mafi yawansu. Ganin kullum ne kawai.

Sau uku ko huɗu a rayuwarta ta fasa kan rago ta tarar da wata jakar ruwa a ciki, kamar ƙwan kaza, ta danne ɓari ɗaya har ya lotse. Na farkon da ta gani sai da ta tambayi mahaucin. Ya ce mata ai ragon nan kafin a yanka shi juyi yake ta yi a wuri ɗaya, yana karo da garu, shi ya sa mai shi ya rabu da shi. Tun daga nan in ta ga jakar takan tambaya, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba.

A farkon shekarar 1989, lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk suna cikin Jihar Sakkwato, wata Laraba da rana sai ga Maliki, ɗan yayanta, ya sauko daga mota ya nufo rumfar. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, shi ke raka lodin albasa zuwa kudu. Suka gaisa, ta zuba masa romo, bai taɓa ba.

"Goggo, Baba ba shi da lafiya," in ji shi. "Inna ta ce ki taho."

Hodi, mahaifin Maliki, shi ne yayan Laure uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a Argungu, shinkafa da damina, albasa da rani. Ya haura sittin, amma har bara shi ke ɗaga buhu ya aza wa jaki. Mutum ne mai baki, ba a gama musu da shi.

Ta rufe tukwane ta bar wa maƙwabciyarta, suka kama hanya. A tsakar gida ta same shi, zaune a kan tabarma ya jingina da bango. Matarsa Inno na gefensa da ƙwaryar fura. Ya dubi Laure ya yi murmushi, ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya ce, "Lauje." Ya girgiza kai, ya sake gwadawa, ya ce, "Gulbi." Daga nan ransa ya ɓaci.

Inno ta ba ta labari. Kusan sati uku ke nan ya fara da ciwon kai. Sai yawan barci, mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba. Sai aka ga yana jan ƙafar dama. Shekaranjiya ludayi ya suɓuce daga hannunsa, magana kuma ta fara cakuɗewa. Wata rana da safe ya yi garau kamar ba shi ba, da la'asar ya koma. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Wasu sun ce iska ce ta fadama, wasu sun ce shanyewar jiki.

Laure ta ce a tayar da shi ya taka ta gani. Maliki ya riƙe shi. Hodi ya nufi ƙofar zaure, amma sai ya riƙa karkata gefe guda, har kafaɗarsa ta gogi rumbu. Ta bi shi da kallo. Ta ji kunyar abin da ya zo mata a rai, don ba a haɗa yayan mutum da rago. Amma tunanin ya ƙi tafiya.

"Gobe mu kai shi asibiti Birni," in ji ta. "A ɗauki hoton kainai."

A asibitin Birnin Kebbi aka ba shi gado, likita ya rubuta hoton kai. Mai ɗaukar hoton, Abdussamadu, tsohon mai cinikinta ne, duk Asabar yana aiko da kwano. Ya kwantar da Hodi a kan tebur, ya saita wani ƙarfe mai kama da fitila a saman kansa, ya kori kowa waje, shi ma ya laɓe bayan bango. Aka ji ƙara kaɗan, shi ke nan. Da ya wanko hoton ya bushe, Laure ta tare shi a ƙofa.

"Ɗana, bari in gani."

Ya maƙala shi a jikin wani akwati mai fitila a ciki. Ga ƙoƙon kai fari fat, ga ramukan ido, ga haƙora, har da giɓin da Hodi ya samu tun suna yara. Ta matsa kusa ta ƙura ido a tsakiyar ƙoƙon. Ba komai sai hazo-hazo.

"To ina ƙwaƙwalwar?"

"Tana nan ciki, Inna. Ba ta fitowa."

"Don mi?"

Abdussamadu ya sosa ƙeya. Ya ce abin da ke fita daga injin wani irin haske ne da ido ba ya gani. Yana ratsa nama kamar yadda rana ke ratsa mayafi, amma ƙashi na tare shi. Inda aka tare shi, wurin ya fito fari. Inda ya wuce ya isa takardar, wurin ya yi baƙi. Ƙwaƙwalwa kuwa taushi gare ta, ga shi ƙashi ya kewaye ta ko'ina, saboda haka inuwar ƙashin wannan gefe da ta wancan gefe sukan hau kan juna su rufe ta.

"Ke nan inuwa kake ɗauka, ba hoto ba," in ji Laure.

Ya yi dariya ya ce haka ne, bai taɓa faɗinsa haka ba. Ya nuna mata gefen ƙoƙon da bayan biro. Ba karaya, ba tsaga. Iyakar abin da injinsa zai iya faɗi ke nan.

Washegari da safe Laure ta shigo asibiti da kwanon sha mai murfi, ta ɗaure shi da ɗankwali. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka abincin mara lafiya ne, ta bar ta ta wuce. Ta zauna a benci har Likita Dikko ya gama zagayen gadaje. Saurayi ne ɗan Gwandu, siriri, mai tabarau. Ta bi shi ofis, Maliki na biye da ita yana jan mayafinta.

"Likita, ni ban yi boko ba," in ji ta. "Amma akwai abin da nika son in gwada maka."

Ta buɗe kwanon. Ɗanyen kan rago ne, an tsaga shi biyu an mayar an haɗa. Maliki ya sunkuyar da kai. Likita Dikko ya dubi kwanon, ya dube ta, ya cire tabarau ya goge. Ita kuwa ta buɗe ƙoƙon a hankali, ta ba shi labarin jakar ruwa da ragunan da ke juyi, ta sa ɗan yatsa ta danna ɓari ɗaya don ya ga yadda yake lotsewa.

"Ban ce abin da ke ga rago shi ke ga Yaya ba. Amma tafiyarsa ta yi mani kama. In wani abu ya danne ta daga ciki, hoton jiya ba ya gani nai, ko ba haka ba?"

Likitan ya jawo kujera ya ce ta zauna. Ya ɗauko safar hannu ya sa. Ya ce a makarantarsu ma da ƙwaƙwalwar tunkiya suka fara, amma bai taɓa ganin wadda aka fasa da kyau haka ba. Ya ɗaga tantanin da bakin almakashi.

"Kin ga wanga? Tsakaninsa da ƙwaƙwalwa akwai 'yan jijiyoyin jini sirara kamar zare. In mutum ya manyanta ƙwaƙwalwa takan ɗan janye, sai zaren nan su miƙe su yi tauri. Ɗan bugu kaɗan ya isa ɗaya ta tsinke. Jinin ba ya zuba lokaci guda. Yana tsattsafowa ne, sati da satuttuka, ya taru a nan ya yi ta danna ta." Ya juya ga Maliki. "Ya taɓa faɗuwa cikin 'yan watannin nan?"

Maliki ya ce sam. Aka kira Inno daga bakin gado. Ta yi tunani, sannan ta ce, ranar da aka ɗauko shinkafa daga fadama Malam ya dawo da ƙulu a kai. Ya ce santsi ya kwashe shi, kansa ya bugi bakin kwalekwale. Ya ci tuwonsa, har yana ba da labarin yana dariya. Wata biyu ke nan, ko da 'yan kwanaki.

"Wane gefe?"

Ta taɓa kanta ta sama da kunnen hagu.

"Amma ƙafar dama yake ja," in ji Laure.

"Haka abin yake. Ɓarin hagu shi ke riƙe da jikin dama, na dama na riƙe da hagu. Hanyoyin sun gitta juna a can ƙasa, kusa da inda laka ta fara. Magana kuma, ga yawancin mutane, a hagu take."

Laure ta sake duba cikin kwanon, wajen da laka ta fita. Shekara ashirin tana yanke wurin nan da wuƙa.

Likita Dikko bai ɓoye musu ba. Ya ce zato ne yake yi. Yana iya zama jinin da ya taru, yana iya zama shanyewar jiki, yana iya zama ƙari, kuma maganin kowanne daban. A da, in ana son a sani, sai a ɗura wani ruwa a jijiyar wuya a ɗauki hoto da sauri, a ga ko an ture jijiyoyin kai daga mazauninsu. Akwai kuma wayoyi da ake liƙawa a fatar kai, su zana motsin ƙwaƙwalwa a doguwar takarda, amma wannan ya fi amfani ga masu farfaɗiya. Yanzu an kawo wani sabon inji a babban asibitin koyarwa da ke Badun, ana ce masa siti-sikan. Shi yana nuna ƙwaƙwalwar kanta.

"Ka gan shi?"

"A littafi kawai," in ji shi. "In kun tafi kun dawo, ki zo ki ba ni labari."

Ya rubuta musu wasiƙa, ya ce kada su wuce jibi. Dangi suka haɗa guzuri, aka sami Fijo mai zuwa kudu, aka shimfiɗa wa Hodi a kujerar baya, kansa a cinyar Laure. Inno ta koma Argungu wajen yara. Suka bi ta Jega, Yawuri, Kwantagora, suka haye gadar Jabba. Maliki ya san hanyar kamar tsakar gidansu, ya san inda ake tsayawa salla da inda ruwa ke da kyau. Laure ba ta taɓa wuce Yawuri ba. Ta ga ƙasa na sauya launi, itatuwa na ƙara tsawo, amma rabin hankalinta na kan numfashin yayanta, wanda yanzu sai an girgiza shi yake buɗe ido. A Sabo, unguwar Hausawan Badun, suka sauka, gidan wani dillalin albasa abokin Maliki.

Likitocin Badun suka karanta wasiƙar, suka haska idon Hodi, suka ƙwanƙwasa gwiwoyinsa, suka ce a kai shi hoto a ranar. Ɗakin na can ƙasa, sanyi kamar cikin randa. A tsakiya ga wani farin inji tsaye, ya fi mutum tsawo, da ƙatuwar kafa a cikinsa kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, ga siririn gado a gabansa. Mai kula da shi wata mata ce mai fararen kaya. Da ta ji Laure na magana da Maliki sai ta juyo.

"Mutanen Sakkwato ne? Sannunku da hanya, Mama."

Sunanta Sakinatu. Iyayenta 'yan Ilori ne, amma a Gusau aka haife ta, can ta yi firamare. Ta kwantar da Hodi, ta sa kansa a wani mazubi, ta ɗaure goshinsa da maɗauri. Da gadon ya fara shiga da shi cikin kafar sai ya firgita, ya kai hannun hagu zai fizge maɗaurin. Aka fito da shi, aka sake, ya sake yi. Sakinatu ta ce in ya motsa hoton zai dagule, kuma ba a son kowa ya tsaya a ɗakin in injin na aiki.

"Muryar wa ya fi ji?"

Maliki ya nuna goggonsa. Haka Laure ta sami shiga ɗan ɗakin da ke bayan gilashi, inda ba a barin 'yan jinya. Sakinatu ta nuna mata wani ɗan ƙarfe mai raga, ta ce in ta yi magana a nan zai ji ta a ciki.

"Yaya, ni ce Laure. Kwanta kurum. Hoto za a yi maka, ba allura."

Ta ci gaba da yi masa hira, duk abin da ya zo bakinta: wanda ya yi aure a Ambursa, wadda ta haihu, rigimar mahauta da sarkin kasuwa. Hannunsa ya sauka. Injin ya fara gunji, ya yi shiru, gadon ya ɗan matsa, ya sake gunji.

Tsakanin gunji da gunji Sakinatu ta yi mata bayani da ƙaramar murya. Hasken iri ɗaya ne da na hoton ƙashi. Bambancin shi ne a nan fitilar zagaya kai take yi, tana harba haske siriri daga kowace kusurwa, a ɗaya gefen kuma akwai abin da ke auna yawan hasken da ya tsira. Kwamfuta ta tattara awon nan duka ta yi lissafi, ta gano me ke kowane gurbi. Sai gado ya matsa kamar faɗin yatsa, a sake wani.

"Kamar yadda kike yanka albasa ƙawanya-ƙawanya, daga gindi zuwa sama. Sai dai ba wuƙa."

A gabansu akwai allo kamar na talabijin. Hoton farko ya sauko daga sama a hankali, layi bayan layi. Laure ta ga farin ƙashi, ta ga ƙwayar ido biyu zagaye, ta ga ramukan hanci baƙi ƙirin. Na biyu, na uku. Sai ga ƙaramar ta wajen ƙeya, toka-toka, da 'yan layukanta.

"Ga ƙaramar nan," in ji ta, ta manta ƙarfen na buɗe. Hodi ya yi gurnani daga ciki. "Ba da kai nike ba, Yaya. Kwanta."

Sakinatu ta dube ta. "Kin taɓa ganin irin wannan?"

"Na rago. Kullum."

Ta bayyana mata launukan. Ƙashi fari, iska baƙa, ruwa baƙi-baƙi, ƙwaƙwalwa toka. Sabon jini fari yake fitowa, amma in ya kwana biyu yakan dushe, har ya fi ƙwaƙwalwa duhu. Yanka na shida ya sauko, na bakwai ya biyo. Laure ta ƙura wa allon ido. Ta san yadda ya kamata wurin nan ya kasance: koguna biyu, kowanne na kallon ɗan'uwansa, da layi a tsakiya. A nan kogo ɗaya ne a buɗe. Ɗayan ya matse ya koma kamar tsagar wuƙa, layin tsakiyar ya lanƙwashe. A gefe kuma, tsakanin farin ƙashi da toka, ga wani abu mai duhu ya kwanta kamar jinjirin wata, daga goshi har kusan ƙeya.

Ta kai yatsa, ba ta taɓa allon ba. "Wanga ba wurinsa ba ne. Amma ga dama yake. An ce muna hagu."

"Hagunsa ne. Ki ɗauka kina tsaye wajen ƙafafunsa kina kallonsa. Damarki ita ce hagunsa." Sakinatu ta rage murya. "Mama, ba aikina ba ne in faɗi abin da ke hoto. Likita zai faɗa. Ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba," in ji Laure.

Kafin a fito da Hodi ta sake tambaya. Ina maganar take a cikin tokar nan? Sakinatu ta zagaya wani wuri da yatsa, ƙarƙashin abin mai duhu, ta ce wajejen nan ne aka koya musu. To ana iya ganin abin da yake tunani? Ta ce a'a, siffa kawai injin ke nunawa, ko mutum na lissafi ko yana barci hoton ɗaya ne. Ta ji an ce a Turai akwai wani mai aiki da maganaɗisu, ba haske, wanda ke fitar da ƙwaƙwalwa dalla-dalla fiye da wannan, amma ita ma ba ta gan shi ba.

"Maganaɗisu na ɗaukar allura?"

"Shi fa. Amma ƙato, ya cika ɗaki."

Laure ta so ta tambayi abin da maganaɗisu zai kama a cikin kai, tunda ba ƙarfe, amma an riga an buɗe ƙofa, ana turo gado.

Likitan tiyata dattijo ne mai furfura, ba ya jin Hausa, Maliki ya yi tafinta da ɗan Turancinsa na hanya. Ya jera hotunan a akwatin fitila ya ce tsohon jini ne, kuma sun zo a kan lokaci. Ba za a buɗe kan duka ba. Ƙofa biyu ƙanana za a huda a ƙashi, a tsaga tantanin, a wanke. Hoton ya riga ya nuna masa daidai inda zai huda.

Washegari da hantsi aka shiga da shi, kafin azahar aka fito. Wata ma'aikaciya ta gaya wa Maliki jinin ya fito baƙi kamar tsohon man inji. Ranar Hodi bai iya magana ba. Kwana ɗaya da aikin ya matse hannun Laure da hannunsa na dama. A rana ta uku tana ba shi koko a cokali sai ya kawar da kai.

"Laure, wanga koko ba gero ba ne."

Ta ajiye cokalin. Maliki ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Abin da ya ba su mamaki shi ne Hodi bai san an yi tafiya ba. Iyakar abin da yake tunawa shi ne yana ban ruwan albasa kansa na sarawa. Da aka ce masa Badun yake, sai ya ce ƙarya ne, har sai da aka kai shi taga ya ga jajayen rufin kwano sun bi tudu sun gangara iyakar ganinsa. Laure ta ɗauko ambulan ɗin hotunan ta ɗaga ɗaya a hasken tagar. Ta nuna masa idanunsa, ta nuna masa kogon da ya matse, da jinin.

Ya daɗe yana kallo. "Wanga duka cikin kaina?"

"Cikin kanka."

"Kuma ba su fasa ba sunka gani?"

"Ba su fasa ba."

Ya karɓi hoton ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya duba bayansa. "Na ɗauka ƙwaƙwalwar ta fi haka yawa," in ji shi. Da ta gaya masa yadda hanyoyin suka gitta juna, sai ya fara musu, wai ba yadda za a yi hagu ta riƙe dama, likitocin ne suka juya takardar. Laure ta bar shi ya yi ta yi, don daɗin jin muryar ya ishe ta.

Kwana goma sha biyu suka yi aka sallame su. Ta je ta yi wa Sakinatu ban kwana, ta bar mata ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa daga guzurinsu. Ƙafar Hodi ta saki sarai kafin damina, hannun ne ya ɗan daɗe, sai da kaka ya iya riƙe lauje yadda ya saba. Likita Dikko ya riƙe hotunan sati guda yana nuna wa abokan aikinsa, ya kuma zaunar da Laure ta ba shi labarin ɗakin tun daga ƙofa, yana tambaya tana amsawa.

Amma a hanyar dawowa, tun daga Kwantagora Hodi ya ishi direba da maganar Yawuri. Ya ce sati biyu ana ba shi abinci da manja, ba zai shiga Argungu da wannan a bakinsa ba. Suka tsaya a bakin kasuwa, Maliki ya sayo gasasshen kifi da ƙuli da yaji. Hodi ya zauna a inuwar mota, hularsa a karkace saboda bandeji, ya ci guda biyu. Ya ce bai kai na gida ba, ya sa a ƙunshe masa na uku.